Digirin dokta a kan eriyar metamatiriyal: in tafi Maleshiya da kuɗina ko in yi a gida?

Abu_Hanif
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa a sashen injiniyan lantarki na wata jami'a a nan Arewa, mastas ɗina ma a kan eriya na yi. Na samu gurbin dokta a Maleshiya. Malamin da zai duba ni yana aiki a kan eriyar metamatiriyal a gigahaz 28 (gigahaz ma'aunin mitar igiyar rediyo ne), ɗakin gwajinsu akwai VNA, wato na'urar auna aikin eriya, akwai ɗakin nan marar amsa-kuwwa da ake auna eriya. Amma babu tallafi, aljihuna ne zai yi, ga mata da yara biyu. A gida kuma wani farfesanmu ya yarda ya duba ni a gigahaz 3.5, albashina na tafiya, sai dai ina tsoron aikin ya ƙare a simuleshan kawai, wato gwaji a kwamfuta. Wa ya taɓa ƙera irin wannan eriya ya auna ta daga Najeriya? Nawa ya kashe? Don Allah kar a ce in nemi Turai, shekara biyu ina nema ban dace ba, gurbin nan kuma ƙarshen watan gobe zai rufe.

Sadiq_Kd
Wa alaikumus salam. Malam nemi Jamus mana, can ba a biyan kuɗin makaranta.

Ummu_Aiman
Sadiq karanta ƙarshen maganarsa. Ni kuma a gafarce ni, kimiyyar sinadarai na karanta, wai mene ne metamatiriyal ɗin?

Dr_Tsangaya
Hajiya, ki ɗauki tabarma. Kaba ce, amma saƙar ita ke sa ta yi abin da kaba ba ta yi. Haka nan ake zana ƙananan zobba masu tsaga da tagulla a kan allo, a jera su, kowanne ya gaza tsawon zangon igiyar rediyon sosai. Igiyar ba ta ganin zobe ɗaya-ɗaya, sai ta ɗauki jerin duka a matsayin abu guda mai halin da ba a samu a dutse ko gilashi ba. Veselago na Rasha ya yi lissafin tun 1967, John Pendry na jami'ar Imperial College da ke Landan ya kawo zobban a 1999, su David Smith suka gwada a San Diego ta Amurka a 2000 da 2001 suka ga igiya ta lanƙwasa ta ɓangaren da ba a saba ba. A 2006 a jami'ar Duke ta Amurka suka zagaye wani bututun tagulla da irin zobban, igiyar maikurowef ta kewaye shi ta wuce kusan kamar ba ya nan.

Ɗan_Fagge
Ashe layar zana za ka je karantowa har Maleshiya! Malam zo in kai ka wajen wani tsoho a ƙauyenmu, zakara ɗaya ne kuɗin makaranta 😂

Injiniya_Bello
Ɗan'uwa Abu Hanif, kar ka tafi. Ni da tallafi ma na tafi, ka ji yadda ta kaya. A 2021 na isa Johor ta Maleshiya, hukumar da ta ɗauki nauyina ta yi lissafin kuɗina da naira. Shekarar farko lafiya lau. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ake lissafa mana a 460 da 'yan kai kafin farkon 2024 ta haura 1,500. Abin da ya rage na kuɗina ya koma kashi ɗaya cikin uku ina zaune. Na rubuta takarda ta fi goma, kullum fayil yana teburin wani. Makaranta ta rufe mini shafin rajista saboda bashi, biza kuma ba ta sabuntuwa sai da rajista. A lokacin na gama zanen eriyata, saura ƙerawa. Ina ganin allon Rogers ɗin, wanda ake ƙera eriyar a kansa, a cikin kabad, da ledarsa, amma ba ni da ikon sa hannu a karɓa tunda ba na cikin rajista. Na maido matata da yara gida, na sayar da filina na Rigasa, wanda mahaifina ya bar mini. Wata huɗu indomi da ƙwai, in an samu ƙwan. Ranar da na auna eriyar, layin awo a fuskar na'urar ya nutse daidai inda simuleshan ya ce, wallahi na zauna a ƙasan ɗakin gwajin na yi kuka. Na gama, alhamdu lillahi. Filin dai ya tafi, kuɗin hukuma har yau ban ga ragowarsu ba.

Ummu_Aiman
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Yaya Bello.

Sadiq_Kd
Amin. Amma ai rayuwa ba tsada a can, abokina ringit 350, kuɗin Maleshiya, yake biyan ɗaki.

Injiniya_Bello
Ɗakin gwauraye da ake raba bayi ka ke faɗa. Mai iyali bai samu ƙasa da 900 ba a unguwarmu.

Maryam_RF
Mu 650 muka biya, ɗaki biyu, sai dai da nisa. Amma bari in amsa abin da aka tambaya. Ni a gida na ƙera tawa a gigahaz 2.4. Na aika zanen wani kamfanin allo a Sin, FR4 ne, allon kayan lantarki na gama-gari, guda biyar, kuɗin jirgi ya ninka kuɗin allunan. Na sayi ƙaramin LiteVNA mai kaiwa gigahaz 6, ya isa ka ga ko eriyarka ta yi daidai. Yadda take watsa igiya kuwa a filin ƙwallo na auna, bayan asuba kafin yara su fito. Eriya ɗaya a kan bututun roba, ɗayar a kan kujerar roba da na zana wa digiri a faranti, ƙanena yana juya ta goma-goma ina rubutawa. Amma Malam, a gigahaz 28 ka manta da wannan. Zangon igiyar santimita ɗaya ne da 'yan kai, tsagar zoben ba ta kai kaurin farce ba, ba abin da za ka wanke da asid a roba ba ne. FR4 na shanye igiya a can, sai irin su Rogers 5880. Ko kan waya na SMA da muka saba haɗa eriya da na'urar awo da shi ba ya kaiwa, sai mai milimita 2.92.

Abu_Hanif
Na gode Malama Maryam, wannan nake nema. Duka nawa kika kashe?

Maryam_RF
Bai kai dala 300 ba har da na'urar.

Dr_Tsangaya
Ban yarda a ɗora dokta a kan awon filin ƙwallo ba. Ƙasa na maido da igiya, wayoyin mutane na shiga. Mai bita na mujallar kirki zai tambaye ki ɗakin awo. Ni dala 700 na biya aka ƙera mini aka auna a waje, aka aiko da sakamako.

Maryam_RF
Dakta, mujalla ta karɓi takardata, na nuna yadda na rage kuskuren. 700 ɗin ma ai ba kai ka riƙe na'urar ba.

Mai_Ƙarfen_Sabis
Ku yi haƙuri manyan malamai. Shekara goma sha ɗaya ina hawa ƙarfen sabis daga Gusau zuwa Maiduguri, ban taɓa ɗaura eriyar da wani dakta na nan ya zana ba. 5G ɗin da aka yi gwanjo a Disambar 2021, MTN da Mafab suka ci, gigahaz 3.5 ne. In aiki kake so, abin da ke ƙasa ka koya.

Dr_Tsangaya
Mai ɗaura kaya daban, mai ƙirƙiro kaya daban. Shawarar dokta a bar wa waɗanda suka yi ta.

Mai_Ƙarfen_Sabis
To Dakta, wanda ya yi ta ai ga shi a sama ya sayar da fili.

Ɗan_Fagge
A kawo ruwa, gobara ta tashi a gigahaz nawa ne wannan?

Malama_Hadiza
Ni abin da ke ci mini rai daban. Lokacin korona a 2020 da aka yi ta yaɗa cewa 5G ke kawo cutar, har a unguwarmu an so a hana kafa ƙarfe. Na ɗauki gwangwanin madara da waya na je wata sakandaren 'yan mata muka haɗa eriya, suka ga sigina ya ƙaru da sun juya bakin gwangwanin. Wata yarinya ta bi ni har mota tana tambayar me ake karantawa a iya wannan. Na nemi sashenmu ya ara mini na'urar awo in koma, aka ce a'a. Na'urar nan tana cikin kwali tun da aka kawo ta, makulli na hannun mutum ɗaya, in ya tafi hutu ɗakin ya tafi hutu.

Injiniya_Bello
Namu ma haka. Na dawo da hannuna da ya iya, na tarar da VNA an rufe da zani, kayan daidaita ta sun ɓata, ba wanda ya san inda suke.

Maryam_RF
Mu an buɗe mana, amma da sharaɗin a sa sunan mai makulli a takardar binciken.

Dr_Tsangaya
Ku yi wa masu makullin adalci. In wutar nan mai hawa da sauka ta ƙona na'urar, shi za a tuhuma, albashinsa na shekara goma bai biya ta ba. A sa sola tukuna.

Malama_Hadiza
Shekara shida ana jiran sola, Dakta? Ɗalibai nawa suka fita ba su taɓa ta ba?

Abu_Hanif
Jama'a, akwai wanda ya san inda VNA mai aiki take a Arewa, wadda baƙo zai biya ya auna? Amsar nan nake jira kafin in rubuta wa malamin.

Sadiq_Kd
Ka gwada Turkiyya ma, suna ba da tallafi.