Cacar baki a zauren malaman firamare: waye ya ce hadda ta aku ce?

Malama Mai Aji Biyu:
Assalamu alaikum. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, abin ya kai ni maƙura. Mai duba makarantu zai leƙa aji ya tarar da yara 80 sun harɗe hannu, malami na gaban allo yana "ku ce ba", su ce "baaa", sai ya rubuta cewa wannan malami ya iya riƙe aji. Ya leƙa na gaba ya tarar yara sun zauna gungu-gungu a tabarma suna ƙirga tsinke suna musu, sai ya rubuta "hayaniya". Alhali a ajin farko ba abin da ake yi sai haddar aku. Ku ja yaro ɗaya gefe, ku rubuta masa "ba" a takarda, ku ga ko zai gane ta.

Ɗan shekara 7 da hannunsa yake koyo. Ga darasin ɗebewa mai aro a minti 35. A raba yara 80 gida 10, takwas-takwas. Kowane gungu a ba shi tsinken tsintsiya 60 da aka yanka tsawon yatsa, da robar ɗaure kuɗi 6. Minti 5 malami ya nuna, minti 5 a yi tare, minti 18 a bar yara da kansu, minti 7 gungu uku su fito su nuna wa aji yadda suka yi. A ba su 32 a ɗebe 17. Yaron da aka koya wa a allo kawai 25 zai rubuta, domin 2 zai cire daga 7. Wanda ke riƙe da dami 3 da tsinke 2 zai ga 7 ba ta fita daga 2, dole ya kwance dami ɗaya, tsinke ya zama 12, ya cire 7 saura 5, ya ɗauke dami ɗaya, ya ga 15 a gabansa. Wannan kwance damin shi ne "aro". Don me za a riƙa saka wa malamin da ke wannan aiki da baƙin rahoto?

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka da alheri, amma ki janye kalmar nan. Hadda ba ta aku ba ce. Da hadda aka tsare Alƙur'ani tun kafin a buɗe makarantar boko ko ɗaya a ƙasar nan. Yaro ɗan shekara 10 yana riƙe izu 60 a kansa, ki ce aikin aku ne?

Malama Mai Aji Biyu:
Allah gafarta Malam, ban taɓa Alƙur'ani ba. Maganar "ba, bi, bu" nake yi da lissafi.

Malamin Islamiyya:
Kalmar ɗaya ce. Iyaye na cikin zauren nan. Idan suka ji malamar makaranta na haɗa hadda da aku, gobe yaro ya ƙi tilawa sai uba ya ce ai malaman boko sun ce ɓata lokaci ne. Kuma yaro ya koyar da yaro da kuke ta murna da shi, tsangaya ta riga ku. Gardi ke biya wa titibiri, titibiri ya biya wa kolo. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke wa yaro allo sai ya kawo karatunsa daidai. Ba a jiran mai rauni ya riƙe mai ƙoƙari, ba a jan mai rauni da ƙarfi. Duk wannan a kan hadda aka gina shi.

Malamin Lissafi:
Ni ina bayan Malam a rabin maganar. Akwai abin da sai an haddace. Yaron da ya shiga aji huɗu yana ƙirga yatsu kafin ya ce 7 sau 8, raba lamba mai tsawo za ta kayar da shi, saboda hankalinsa ya ƙare a ƙirga kafin ya kai ga ainihin aikin. Amma akwai abin da ke gaba da wani. A fara ba shi murafun kwalba ya jera layi 3, kowane layi murfi 4, ya ƙirga 12. Ya juya jerin ya ga layi 4 na murfi uku-uku su ma 12 ne. Bayan ya gani da idonsa sai a rera "uku sau huɗu sha biyu" minti 3 kowace safiya. Haddar da ta zo bayan fahimta zama take yi. Wadda ta zo kafinta, hutun ƙarshen zango ɗaya ke wanke ta.

Malamin Islamiyya:
To ka gani, kai ma ka dawo ga hadda. Malama ta janye kawai.

Tsohon Hedimasta:
'Yata mai aji biyu, abin da kike faɗa ba sabo ba ne, kun dai same shi a taron bita kuna zaton yau aka haife shi. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 har da sashen sana'ar hannu a cikinta. Malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai da shaidar Gired Tu ba ya shiga aji hannu rabbana. Da kansa yake yanka kwali ya yi agogo mai hannu biyu, ya ɗinka buhunan yashi na awo, ya kai yara lambun makaranta su auna kunya da igiya. Abin ya fara lalacewa ne daga 1976, da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa ya kwararo yara makaranta babu isassun malamai, aka ɗebo waɗanda ba su gama horo ba. Da aka rufe kwalejojin aka ce sai NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, sai aka samu masu takarda da ba su taɓa fere fensir ga ɗan aji ɗaya ba.

Malama Mai Aji Ɗaya:
Baba, da girmanka, wannan cin fuska ne ga masu NCE. Mu ne ke cikin ajin yau. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya yara 35 a firamare. A zamaninku an ba mutum ɗaya yara 120 a ɗakin da rufinsa ya yaye? Kuma 'yan Gired Tu ɗin nan su ne suka gadar mana da monita mai riƙe bulala yana rubuta sunan masu surutu.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, monita ba laifi ba ne. Wa zai riƙe miki aji idan kin juya baya kina rubutu a allo?

Malama Mai Aji Ɗaya:
Nan ne ainihin inda aikin gungu ke lalacewa, Baba. Idan aka naɗa yaro ɗaya shugaba na dindindin, abu biyu ke faruwa: ko ya kwashe kayan gaba ɗaya ya yi aikin shi kaɗai sauran bakwai suna kallo, ko ya koma ɗan sanda yana rankwashin na kusa da shi. Maganinsa a raba aiki huɗu a kowane gungu: mai ɗauko kaya, mai karanta tambaya, mai rubuta amsa, mai bayani a gaban aji. Kowace Litinin a juya. Kuma mai bayani malami ne zai zaɓe shi bayan an gama aiki, ba kafin a fara ba, don kowa ya san yana iya zama shi. A gungun da maza suka fi yawa, 'yan mata kan koma gefe ba sa taɓa kaya, don haka kada a jefa yarinya ɗaya cikin maza bakwai.

Sannan ina roƙon masu aji ɗaya: kada ku ba yara wake, masara ko tsakuwa ƙanana su yi ƙirga. Hanci da kunne suke turawa. Murfin robar ruwa ya fi, a wanke shi da sabulu. Tsinke kuma a daddatse bakinsa saboda ido.

Mai Makarantar Kuɗi:
Duk wannan mu mun daɗe da wuce shi. Tsarin Montessori muke bi, yara 20 a aji, kowa da kujerarsa. Matsalar makarantun gwamnati ba ta tsari ba ce, ta kishi ce.

Malamin Lissafi:
Alhaji, kowace makaranta a lungu ta rubuta Montessori a allon ƙofa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, kuma a unguwar talakawa ne, ba ta masu kuɗi ba. A tsarinta ana haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a ɗaki ɗaya, kaya na jere a kanta daidai tsawon yaro, shi ke zaɓar abin da zai yi, a bar shi a kai tsawon lokaci ba a katse shi da ƙararrawa. Makarantar da ke ɗora wa ɗan shekara 4 aikin gida shafi uku da jarrabawar darussa 12 ba ta da alaƙa da wannan mata. Kuma a can ma haddar ake yi, da Turanci kawai.

Mai Makarantar Kuɗi:
Malam, iyaye ke biya, kuma littafi cike da jan biro suke so su gani. Ka turo yaro gida da hannu duk yumɓu ka ce ya gina haruffa, zango mai zuwa an cire shi.

Malama Mai Aji Ɗaya:
Ka ce kishi ne ba mu da shi. Wanda ke sayen alli da kwali daga albashinsa shi ne marar kishi? Ka janye wannan kafin a ci gaba.

Mai Horar da Malamai:
Jama'a, a sassauta. Abin da Malamin Islamiyya ya faɗa game da kowa da allonsa shi ne kusan tsarin TaRL, wato koyar da yaro daidai matakinsa, da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da shi. Ana gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga matakinsa cikin biyar: bai san harafi ba, ya san harafi, yana karanta kalma, yana karanta sakin layi, yana karanta labari. Sai a zaunar da yara bisa matakinsu, ba bisa ajinsu ba. Damin tsinken da Malama ta kawo ma yana cikin kayan aikinsu. Sai dai an fi yin sa ne don ceto manyan yara da suka wuce ajin farko ba su iya karatu ba.

Ga masu karatun Hausa a ƙananan azuzuwa: a yanka kwalin indomi murabba'i kamar tafin hannu, a rubuta gaɓa ɗaya a kowane kati da baƙar maka. Kati 12 sun ishi gungu: ka, za, ta, sa, fa, ƙa, ki, ɗa, ra, na, ma, ba. A ce su haɗa kalmomi iya yawan da za su iya a minti 10. Za su fito da kaza, tasa, rana, ɗaki, nama. Za su kuma yi gardama a kan kafa da ƙafa, wannan gardamar ita ce darasin ƙugiyar harafi. Yaron da ke juya b ya zama d, a fitar da shi ya rubuta su a yashi da yatsa, manya, yana furtawa. Kaya kuwa a ɗaure na kowane gungu a leda tun kafin a fita tara, in ba haka ba rabon kaya kaɗai zai cinye minti 10. A kuma yi alamar shiru tun makon farko: malami ya tafa uku, yara su amsa da biyu su ɗaga hannu sama babu komai a ciki.

Tsohon Hedimasta:
Ku masu bita kuna zuwa kwana uku a otal, a raba alawus, ku tafi. Wa ke komawa ajin bayan wata shida ya ga ko ledar katin tana nan?

Mai Horar da Malamai:
Ranka ya daɗe, bibiya aikin hedimasta ne da jami'an ƙaramar hukuma, ba na mai horarwa ba.

Malamin Islamiyya:
Kun ga har mai bita ta tabbatar tsangaya ce tushe. Amma har yanzu ba a janye "aku" ba.

Malamin Lissafi:
Allah gafarta Malam, ba haka ta ce ba. Cewa ta yi sun yi kama a zaunar da yaro bisa matakinsa. Kuma a tsangaya ma ai da babbaƙu da farfaru ake farawa, sai yaro ya san harafi da wasali kafin ya yi nisa.

Shugaban Zaure:
Dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da aka cimma: na ɗaya, kowa ya yarda hadda ita ce ginshiƙin karatu, kuma kalmar da aka fara da ita ba ta dace ba. Na biyu, Baba Hedimasta ya nuna mana cewa malaman da sun fi na yanzu sanin aiki, ya kamata matasa su riƙa saurare. Na uku, wasan tsinke da kati ba laifi idan lokaci ya rage bayan an gama darasi, kuma a ajin da yara ba su da yawa. Maganar makarantun kuɗi a bar ta, Alhaji yana taimaka wa zauren nan. Kada a sake turo komai a kan wannan.

Malama Mai Aji Biyu:
Shugaba, ba wanda ya ce sai lokaci ya rage. Tsinken shi ne darasin, kuma da yara 80 na kawo misalin, ba 20 ba. Tambayata a kan takardar mai duba makarantu ce: me ya sa babu gurbi a cikinta da zai ja yara biyar gefe ya ba su 32 a ɗebe 17 kafin ya rubuta wane malami ne ya iya aiki?

Malamin Islamiyya:
Malama, ki fara janye kalmar tukuna.