Shin lissafin ribar watanni masu zuwa fariya ce a gaban Allah?

Ɗan kasuwar hatsi ya rubuta:

Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Sana'ata ita ce sayen masara lokacin kaka a kasuwar Saminaka, in adana ta, in sayar idan damina ta kama farashi ya tashi. Ranar Lahadin da ta wuce fastonmu ya yi wa'azi a kan Yakubu 4:13-16, inda aka tsauta wa masu cewa yau ko gobe za su tafi gari kaza, su shekara suna ciniki su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifar ba. Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin sana'ar tawa dungurungum a kan lissafin watanni masu zuwa take tsaye. Shin wannan lissafi zunubi ne, ko kuwa ya isa in riƙa cewa "in Ubangiji ya yarda" in ci gaba da harkata?

Dattijon ikkilisiya ya amsa:

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, domin Littafi Mai Tsarki bai hana tanadi ba. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, kuma da wannan hatsi Allah ya ceci gidan mahaifinsa daga yunwa, kamar yadda Farawa 41 da surorin da ke biye suka nuna. Ubangiji Yesu ma, a Luka 14:28, ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya lissafta kuɗin aikin. Abin da Yakubu ya tsauta a kai shi ne mutum ya yi magana kamar shekarar mallakarsa ce, ya zaɓi gari, ya ƙayyade lokaci, ya tabbatar wa kansa riba, ba tare da tuna cewa numfashin da zai kai shi can aro ne ba. Ka dubi mai arzikin nan na Luka 12:16-21. Gonarsa ta yi albarka ta hanyar halal, amma da ya zauna shawara bai ambaci Allah ko maƙwabci ba, sai rumbunansa da ransa kawai, kuma a daren nan aka nemi ran nasa.

Shugabar zumuntar mata ta amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in taɓa sashe na biyu na tambayar, domin a nan nake ganin muka fi tuntuɓe. Faɗin "in Ubangiji ya yarda" ba ya yi wa kowa wuya a ƙasarmu, har wanda ba shi da niyyar cika alkawari ma yakan fake da shi. Ɗan'uwa, ina ganin dogararka za ta fi bayyana a littafin cinikinka. Idan ka ci bashin da babu hanyar biyansa sai farashi ya ninka, ko ka zuba kuɗin makarantar yara a buhunan masara domin ka tabbata riba na tafe, to ka riga ka yi fariyar da Yakubu ya ambata, ko da bakinka cike yake da addu'a. A 2025 farashin masara ya faɗi a lokacin da masu ajiya suke jiran ya hau, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu bashi a wuya. Ka kuma karanta Karin Magana 11:26, wadda ta ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Wanda ya san gobe ba a hannunsa take ba, shi zai fi sauƙin buɗe rumbu lokacin da maƙwabta ke cikin yunwa.

Mai bishara ya amsa:

Mama ta taɓo wurin da ke ciwo. Zan ƙara da misalin Manzo Bulus, wanda ya kasance mai tsara tafiya ƙwarai. A Romawa 15 ya shirya kai gudummawa Urushalima, daga nan ya biya ta Roma kan hanyarsa ta zuwa Sifen. Ya isa Roma kuwa, amma a matsayin ɗan sarƙa, bayan shekara biyu a tsare a Kaisariya da fashewar jirgi a tsibirin Malta. Duk da haka ba mu ga ya zargi Allah da ɓata masa shiri ba, sai ma ya rubuta wa Filibiyawa cewa ɗaurinsa ya taimaki ci gaban bishara. Saboda haka, ɗan'uwa, ka sayi masararka bana gwargwadon jarin da za ka iya jure asararsa, ka kuma zauna da matarka ku yanke shawara tun yanzu a kan abin da za ku yi idan farashi ya ƙi tashi.