Dirkokin rumfata sun karkace, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kafa rumfa a tsakar gida don inabi ya hau, dirka huɗu na katako, azara a sama. Kowane rami ƙafa biyu na haƙa, na zuba siminti da tsakuwa. Iskar ruwan farko tana kaɗawa, dirka biyu suka karkace. Ƙasarmu laka ce, da rani tsagewa take yi. Da na tona gindin ɗaya, ashe gara ta fara ci, duk da baƙin man da na shafa.

Kafinta ya ce in sa tokara a kusurwoyi, ni dai ban gamsu ba. In ƙara zurfin ramin ne, ko in haƙura in koma bututun ƙarfe? Don Allah masu sani ku taimaka.