Silbar bakin madigadin 504: a huda ko a manna?

Ɗan Gyallesu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yi. Peugeot 504 salun ce ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, ta daɗe jibge a ƙofar gida, yanzu muke tashin ta. An gama inji. Mai walda ya yanke bakin madigadin baya duka biyu inda tsatsa ta cinye, ya sa sabon ƙarfe, saura fenti. Na sayi silbar nan guda huɗu da ake zagaye bakin madigadi da ita, don da ita muka taso muka ga motar. Mai gyaran bodi ya ce a bari a gama fenti, sannan ya huda ya ɗaure da sukuru. Mai fenti ya ce kar wanda ya huda masa aiki, a manna da gam. Asabar za ta shiga fenti. Wanne zan bi? Kuma ta bayan hagu ba ta kwanta sosai, akwai tazarar da ɗan yatsa zai shiga.

Na PZ: Allah ya jiƙan Baba. Nawa za ka sayar?

Baba Direba: Ɗana, ajiye silbar nan. Na ja wagon ɗinta tsakanin Zariya da Kano tun ba a raba hanyar biyu ba, ban taɓa liƙa mata komai ba. A 1975 aka fara haɗa motar nan a Kakuri, Kaduna, kuma abin da ke kashe ta ba inji ba ne, bodi ne. Ka riƙa wanke ƙarƙashinta, ka shafe da baƙin mai kafin damina, shi ke nan.

Ɗan Gyallesu: Na gode Baba, amma na riga na saya.

Malamin Kongo: Ai ni da na ji an ambaci silba sai raina ya ɓaci. Marsandi 200 gare ni, na kai ta wani gareji, ba zan faɗi unguwa ba. Muka yi da mutumin zai yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya yi walda. Kullum na je sai "Malam ai aiki na tafiya", yara na ta goga da sanfefa. Da ta fito, wallahi har tsayar da ni ake a Tudun Wada ana tambayar wa ya yi. Shi ya ba ni shawarar silbar ma, wai kyauta ce don mutunci.

Damina ɗaya. Watan Agusta na kai ta wanki, yaron ya sa tiyo a ƙarƙashin taya, sai ga wani abu ya faɗo tim. Na ɗauka laka ce. Na duƙa na ɗaga, ashe fila ce, abin nan da ake cike lotsawar bodi da shi, kaurin tafin hannu, manne da takardar buhun siminti a bayanta. Muka kwance silbar, babu ƙarfe sam, sukurun a cikin fila suke. Rami ne ya cusa wa takarda, ya shafe, ya rufa asirinsa da silba. Na koma, ya rantse yaransa ne suka yi ba da saninsa ba. Aka tara dattawan gareji, aka ce in yi haƙuri. Haƙurin nake har yau, motar tana kan duwatsu.

Na PZ: Innalillahi. Malam, ita fa nawa za ka sayar?

Malamin Kongo: Kai dai Allah ya shirye ka.

Injiniya Samaru: Mu dawo kan tambayar. Dukansu biyun kowa sauƙin aikinsa yake nema. Kafin fenti ake gwada silba, ba bayansa ba. A ɗora ta yanzu, a riƙe da salatif, a fara daga saman tsakiya a bi zuwa gefe biyu. Idan za a huda, a huda leɓen ƙarfen da ya lanƙwashe ciki, wanda ido ba ya gani, a goge bakin kowane rami, a cire silbar, sannan jan fentin hana tsatsa da fentin gaske su shiga ramukan. In aka huda bayan fenti, kowane rami ɗanyen ƙarfe ne, daga nan tsatsa za ta kama. Ranar ɗaurawa a shafa giris a bayanta, a sa sukurun da ba ya tsatsa. Gam yana riƙewa in ƙarfe ya kwanta daidai, amma ranar da za ka cire da fentinka zai taso.

Tazarar hagun nan ita ta fi damuna. Ko dai mai walda bai fitar da zagayen daidai ba, ko fila ta yi kauri, ko an haɗa maka da ta wagon ko akori-kura, don bayansu ba lallai ya zo ɗaya da salun ba. Gwada ta dama a dama ka gani. Kar a matse da ƙarfi, za ta lotse.

Oga Fanal Bita: Injiniya, da girmamawa, wannan karatun aji ne. Ka taɓa riƙe guduma? Mai mota yana tsaye a kanka yana cewa Asabar, ina lokacin ɗorawa a cire a sake ɗorawa? Mu ribit, ƙusar matse ƙarfe, muke bugawa, kuma ba wanda ya dawo.

Malamin Kongo: Ba sa dawowa saboda sun gaji.

Injiniya Samaru: Ribit na alminiyam a jikin ƙarfe, ga laka mai ruwa a kai, su biyun cin juna suke. Ba ni na ƙirƙira ba.

Oga Fanal Bita: To zo gareji ka nuna mana.

Bakano: Tukuna, nawa ka sayi silbar? A Kofar Ruwa dubu talatin da biyar na ɗauko saiti. Amma na san Bazazzagi, ko dubu ɗari aka ce masa zai biya, in dai an kira shi Malam.

Ɗan Gyallesu: Dubu saba'in, a Sabon Gari. Kuma ba mu son raini, bawa.

Bakano: Ka gani ko!

Abban Muciya: Talatin da biyar ɗin nan yaushe? Ka faɗi shekara. Kuma irin taka gwangwani ce aka wanke da ruwan silba, hunturu ɗaya take dusashewa. Ni a Panteka na samu ta jikin tsohuwar mota, dubu ashirin, har da ramukanta. Ɗan Gyallesu, ka kanga mata maganaɗisu. In ya kama da ƙarfi, ka yi shakka.

Injiniya Samaru: Ba hujja ba ce. Akwai sitenles mai kyau da maganaɗisu ke kamawa. Amma ka bi bakin madigadin da shi, duk inda ya ƙi kamawa fila ce.

Maman Ikram: Ni dai ku ba maigidana shawara ya kwashe tasa daga tsakar gida. Kaza har ta ƙyanƙyashe a kujerar baya.

Na PZ: Hajiya, nawa zai sayar?

Baba Direba: Kai yaro, wai ɗan gwangwan ne kai?

Abban Muciya: Baba ka taɓo inda ke min ciwo. Su suka sa kayan 504 suka yi wuya. Mota lafiyayyar bodi, magada su gaji da ganinta, a kira masu sikeli, kafin la'asar an datsa ta da gatari an loda. Ƙofa, gilashin fitila, bamba, duk a kilo. Motar da aka ci gaba da haɗawa a Kaduna shekaru bayan Faransa ta daina, yau hannun ƙofarta sai ka yi cigiya.

Oga Fanal Bita: Ba magada kaɗai ba. Ni a gareji da dare aka kwance min lagireto biyu, na masu mota, ni na biya.

Malamin Kongo: Tawa ma an fara, madubi ɗaya ya tafi. Ina zargin yaran layinmu.

Na PZ: Ni fa dillali ne, ba ɗan gwangwan ba. A bambance.

Ɗan Gyallesu: Jama'a, na gwada ta dama ta kwanta lafiya, hagun ce dai. Mai walda ya ce silbar ce karkatacciya, mai kaya ya ce ba a dawo da abin da aka buɗe. In ɗaga fentin ne ko yaya?

Bakano: Malam, madubin naka na hagu ne ko na dama? Akwai wani a wajenmu, dubu goma sha biyu.

Malamin Kongo: Turo hoto in gani, kar ya zama nawa ne.