Manhajar rubutu ta kyauta ko ta kuɗi: wacce ta dace da kwamfutar gida?

Abban Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni. Na sayi kwamfuta ta hannu domin amfanin gida, kuma wanda ya sayar mini ya riga ya ɗora mata Microsoft Office. Bayan wata biyu sai wani saƙo ya fara fitowa a saman Word yana cewa ba a tabbatar da lasisin ba. Ni dai wasiƙu nake rubutawa, kuma ina ajiye lissafin ɗan shagon maiɗakina a Excel, amma babbar 'yata tana shekarar ƙarshe a jami'a, kuma a wannan kwamfutar take rubuta kundin bincikenta. Shin in cire kuɗi in sayi ta gaskiya ne, ko kuwa waɗannan na kyauta da nake jin ana ambato, irin su LibreOffice da WPS, za su wadatar da mu?

Malam Mai Gyara:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Da alama abin da aka ɗora maka kwafin da aka ɓalle wa makulli ne, kuma shawarata ta farko ita ce kada ka mayar da kwamfutar a sake ɓalle maka shi, domin ƙananan manhajojin da ake wannan aiki da su kan zo da cutar da ke satar kalmomin sirri, ga shi kuwa a nan ake shiga imel da asusun banki.

Game da ta kuɗin, hanya biyu ce. Akwai Microsoft 365, wadda haya ce da ake sabuntawa duk wata ko duk shekara. Tsarinta na iyali yana ɗaukar mutum shida, kowannensu da ma'ajiyar intanet ta OneDrive mai terabait 1, amma ranar da ka daina biya sai dai ka buɗe takardunka ka karanta, ba za ka iya gyara su a cikinta ba. Akwai kuma Office 2024, wadda ake saya sau ɗaya domin kwamfuta ɗaya. Ka yi hattara da masu tallar makullin Office 2016 ko 2019 da araha, domin Microsoft ya daina aika musu gyaran tsaro tun ranar 14 ga Oktoba 2025.

Ni LibreOffice nake ɗora wa mafi yawan magidanta. Ba kyauta ce ta gwaji da za a bi ka bashi daga baya ba: gidauniyar The Document Foundation, mai rajista a Jamus, ita ke kula da ita tun da aka ɓalle daga wata manhaja irinta mai suna OpenOffice a 2010, bayan kamfanin Oracle ya saye kamfanin Sun mai OpenOffice ɗin. Babu talla a cikinta, ba ta neman ka buɗe asusu, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara buƙatar data kafin ta yi aiki, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne. A cikinta, Writer ne madadin Word, Calc kuma madadin Excel, kuma lissafin shago na tarawa da ɗebewa ko kusa bai kai ya gagari Calc ba. Idan har gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kanta, wasiƙar gida ba za ta ba ta wahala ba. WPS ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin ce, fuskarta ta fi kama da ta Word, amma ta kyautar tana da talla, kuma akwai ayyukan da take kullewa sai an biya.

Malama Uwani:

Ban ƙi abin da Malam ya faɗa ba, amma ina ganin ya wuce batun ɗalibar da sauri, alhali a nan ƙurar take. Ina duba kundayen ɗalibai duk shekara, kuma kusan dukkanmu da Word muke buɗe abin da aka turo mana. LibreOffice tana iya ajiye takarda a tsarin docx, wato tsarin takardun Word, amma takarda mai shafi tamanin da jadawalai da hotuna da lambobin shafi iri biyu ba lallai ta fito wa mai dubawa yadda yarinyar ta tsara ta ba. Jadawali kan zame zuwa shafi na gaba, kanun babi ya rabu da jikinsa, malami kuma ya ɗauka sakaci ne. Sau da yawa laifin na samfurin haruffa ne, wato an yi rubutu da wanda babu shi a ɗaya kwamfutar. Saboda haka ba tambayar wacce ta fi kyau ba ce, tambayar da wa za a riƙa musayar takardun ce.

Kafin ka biya ko sisi, Alhaji, ta tambaya a makarantarsu ko adireshin imel na ɗalibai yana ba da damar Microsoft 365, domin wasu jami'o'i suna da wannan yarjejeniya. Idan babu, akwai Word na intanet, wanda kyauta ne ga duk mai asusun Microsoft, sai dai yana cin data kuma bai cika kamar na kwamfuta ba. Kada kuma ta canza manhaja a tsakiyar babi na huɗu ba tare da ta ajiye kwafi a wani wuri ba.

Ɗan Baiwa:

Ƙari kaɗan a kan maganar Malama. Idan aka zaɓi Times New Roman, wanda yawancin sassa ke nema kuma yana cikin kowace Windows, an rage rabin matsalar, sannan ranar bugawa a fitar da kundin a PDF kafin a kai shagon buga takardu, domin PDF ba ya motsi. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba ruwansu da ko an biya ko ba a biya ba; a ƙara allon rubutu na Hausa a cikin saitin harsuna na Windows, za su fito a kowace manhaja. Mai son saka aya ko hadisi da Larabci a LibreOffice, wani lokaci sai ya shiga saitin harsuna ya kunna damar rubutu daga dama zuwa hagu tukuna.

Abban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya na ɗora LibreOffice, na buɗe lissafin shagon a Calc, kuma jimillar kowane wata ta fito daidai da yadda take a da. Kundin yarinyar kuwa ban taɓa shi ba, na dai kwafe shi a filashi biyu. Ta ce saura mata wata uku ta miƙa, don haka idan makarantarsu ba ta da wannan yarjejeniya, zan biya hayar Microsoft 365 wata-wata har ta kammala, sannan in dakatar. Malam Mai Gyara, abin da ya rage mini shi ne yadda zan cire tsohon kwafin nan gaba ɗaya ba tare da na rasa takardun da ke ciki ba.