bind() na mayar da -1 a IBM i duk lokacin da aka sake tayar da sabar

KorenAllo5250:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai shirin sabar da aka rubuta da yaren shirye-shirye na RPG a kan tsarin kwamfutar IBM i, yana sauraro a tasha 9100. Tashin farko lafiya lau. Amma da zarar an tsayar da shi an sake tayarwa, socket() mai buɗe soket (ƙofar sadarwar shirin) ya wuce, bind() mai ɗaura soket ɗin a kan tashar kuma sai ya mayar da -1. Wani lokaci bayan kamar minti biyu sai ya yarda, wani lokaci kuma sai an fita daga zaman 5250 (allon shiga IBM i) gaba ɗaya. Me ke riƙe da tashar, kuma ina zan duba?

Malam_QSYS:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Shi -1 ba ya gaya maka komai, errno, wato lambar kuskuren da tsarin ke ajiyewa, shi ne ke ɗauke da labarin. Ka kira __errno nan take bayan bind(), kafin kowane kira, domin ko close() na iya sauya shi. Ka saka QC2LE a BNDDIR (jerin abubuwan da ake haɗa shirin da su) don ka samu strerror, mai mayar da lambar kuskure zuwa rubutu. Lambar da ka gani ka haɗa ta da CPE, misali DSPMSGD CPE3420, za ka ga bayaninta. 3420 adireshin na hannun wani, 3421 adireshin IP ɗin ba ya aiki a wannan injin, 3401 an hana ka tashar, 3021 kuma akwai abin da ka miƙa ba daidai ba.

Minti biyun da ka ambata ya riga ya tona asirin rabin matsalar. Ɓangaren da ya fara rufe haɗin TCP shi ke zama a matsayin Time-wait (jiran ƙarshe kafin a saki tashar), kuma tsawon zaman yana cikin TCPCLOTIMO na CHGTCPA, wanda yake zuwa da daƙiƙa 120. Ka buga NETSTAT *CNN, ka danna F14 don lambobin tasha su fito maimakon sunaye, ka nemi 9100. In Time-wait ka gani, maganin shi ne setsockopt da SO_REUSEADDR, tsakanin socket() da bind(). Bayan bind() ba shi da amfani. A IBM i, SOL_SOCKET -1 ne, SO_REUSEADDR kuma 55, don haka kada ka kwafo lambobin Linux. Darajar ta zama 10I 0 (lamba mai bayit 4 a RPG) mai ɗauke da 1, tsawonta 4.

Kada ka rage TCPCLOTIMO saboda shiri ɗaya, duk injin yake shafa.

Hajiya_CL:
Malam ya yi daidai, sai dai SO_REUSEADDR ba zai taɓa rabi na biyu ba, wato wanda sai ka fita daga 5250. Soket mallakar job ne (aikin da shirin ke gudana a cikinsa, a nan zaman allonka), ba na shirin ba. Kunna *INLR (alamar ƙarewar shiri) yana rufe fayilolin RPG amma ba ruwansa da soket. In shirin ya faɗi, ko aka katse shi da SysReq 2 yana jira a accept(), soket ɗin na nan a buɗe yana Listen har sai job ɗin ya mutu. Da ka sake CALL, kai da kanka kake takara da kanka a tashar.

A allon NETSTAT ka sa 8 a gaban layin, zai nuna job ɗin da ke riƙe da shi. Ko ta SQL:

SELECT JOB_NAME, LOCAL_ADDRESS FROM QSYS2.NETSTAT_JOB_INFO WHERE LOCAL_PORT = 9100

Ka tabbata kowace hanyar fita tana bi ta close(), har da ta kuskure: MONITOR ko *PSSR, da CEERTX domin ƙarewar da ba a shirya ba. Mafi sauƙi dai, ka daina gwada sabar a zaman allo. Ka tura ta da SBMJOB ta gudana a job ɗinta daban, ENDJOB ya share komai. In kuma kana amfani da spawn() wajen raba aiki, ka lura job ɗin da spawn() ya haifa, wato 'ya'yan, na iya gadar soket mai sauraro, uwar ta mutu su ci gaba da riƙe tashar.

KorenAllo5250:
Na gode Malam, na gode Hajiya. 3420 ne, kuma job ɗina ne ke Listen. An gyara. Amma da aka kai shirin ɗaya injin, 3401 yake bayarwa, kuma wani gwaji da aka yi da sabon tsarin adireshi ya ba da 3021.

Malam_QSYS:
3401 ba daga shirinka yake ba. Je CFGTCP zaɓi na 4, inda ake taƙaita tasha ga wasu masu amfani. In an taɓa yin ADDTCPPORT a kan 9100, ko a kan jerin da ya haɗa da ita, to sunan da ke cikin jerin kaɗai zai iya bind(). Ko a ƙara sunan da job ɗin ke gudana da shi, ko a cire takunkumin da RMVTCPPORT, amma ka fara tambayar wanda ya sa shi dalili. Nan ba kamar Unix ba ne inda duk tasha ƙasa da 1024 sai root, wannan jerin ne ke hukunci.

Shi kuwa 3021, bi waɗannan. Tsawon sockaddr_in, tsarin adireshin da ake miƙa wa bind(), bayit 16 ne, kuma a prototype dole tsawon ya tafi da VALUE, in ka manta sai manuni ya tafi a madadin lambar. RPG na cika DS (tsarin bayanai) da x'40' idan ba ka sa INZ ba, saboda haka ka share shi da *ALLx'00' kafin ka zuba komai, musamman bayit 8 na sin_zero. Kiran bind() sau biyu a kan soket ɗaya ma 3021 yake haifarwa, abin da ke yawan faruwa a madaukin sake gwaji.

Sannan tsarin iri biyu ne. Na BSD 4.3 yana da sin_family mai bayit 2. Na UNIX 98 yana da sin_len bayit 1 da sin_family bayit 1, kuma abokinsa qso_bind98 ne. Ka ba tsohon bind() sabon tsari, zai karanta 16 da 2 a haɗe a matsayin 4098, ba AF_INET (wato 2) ba. sin_port kuma ya zama 5U 0, domin 5I 0 ya tsaya a 32767.

Hajiya_CL:
Tunda za a kai shi wani injin: in an rubuta adireshin IP a cikin shirin, 3421 na jiran ka, haka ma in QSTRUP (shirin farawa na injin) ya tayar da sabar bayan IPL (sake kunna injin) kafin adireshin ya zama Active a NETSTAT *IFC. Ka yi amfani da INADDR_ANY, wato 0, mai nufin kowane adireshin injin, sai dai in dole ne adireshi guda. In dole ne, ka rufe soket ɗin, ka jira daƙiƙa 10, ka buɗe sabo, kamar sau 6 kafin ka aika saƙo zuwa QSYSOPR (akwatin saƙon mai kula da injin).