Neman shawara: miliyan 6 gare ni, fili zan saya ko kango?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen manyanmu da suka daɗe a harkar filaye da gidaje. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne a nan Kano, kayan waya nake sayarwa, na tara miliyan 6 da 'yan kai, wani daga adashi wani kuma rabona ne na gadon mahaifinmu Allah ya jiƙansa. Kuɗin suna banki amma wlh hankalina bai kwanta ba, tunda aka cire tallafin mai a 2023 naira ta yi ƙasa sosai, abin da kuɗin za su saya bara ba za su saya bana ba, shi yasa nake so in zuba su a ƙasa kuma ban taɓa sayen ko taku ɗaya ba.

Abu uku ne a gabana. Wani dillali ya kai ni hanyar Gwarzo gaba da Janguza ya nuna min fuloti biyu hamsin-hamsin, awon igiya ne ba awon gwamnati ba, takardar mai unguwa ce kawai, ya ce in ban biya satin nan ba akwai wani Alhaji da yake jira. Sannan akwai kango a wajen Rimin Kebe gini ya kai linta, na gado ne, babban wansu ne yake sayarwa. Na uku wani abokina yana so mu haɗa kuɗi mu gina ɗakunan haya na ɗalibai a Danbare kusa da sabuwar BUK. Wanne ya fi dacewa da mai farawa? Kuma me zan duba kar a cuce ni, don kuɗin nan akwai gumin mahaifina a ciki.

Tsohon dillali:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni sana'ata ce don haka bari in faɗa maka gaskiya, wannan "Alhajin da yake jira" kusan kowane fili yana da shi. Duk cinikin da aka ce sai satin nan kuma ba za a ba ka lokacin bincike ba, ka bar shi ya wuce, fili ba ya ƙarewa a Kano. Ka koma wajen kai kaɗai ba tare da dillalin ba, ka samu masu maƙwabtaka da filin ta gabas da yamma da kudu da arewa ka gaishe su ka tambaya filin waye, a hannun wa ya saya, an taɓa rigima a kai. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, in da hali ka gaida dagaci ma. Kuma dole ka ga mai filin ido da ido, kar ka yarda da "ya yi tafiya ni ne wakili". Babbar cutar awon igiya ita ce a sayar da fili ɗaya wa mutum biyu ko uku kowa da takardarsa, sai ranar da ka kawo yashi ka tarar wani ya riga ka zuba fandisho. Maganar la'ada kuma ku yanke ta tun kafin ciniki, nawa ne kuma wa zai biya.

Lauyan gidan nan:
Malam ka fara gane abu ɗaya. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abin da kake saya haƙƙin zama da amfani ne, shi yasa C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, na gidan zama galibi shekara 99 ake rubutawa a jiki. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, tana da amfani, amma ba ta hana gwamnati karɓar wajen in ya faɗa cikin hanya ko wani aikin jama'a ko kuma dama can an riga an yanka shi a shimfiɗar gwamnati. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma, in aka karɓa, diyyar da doka ta tanada ta abin da ka yi a kan filin ce, gini ko itatuwa ko amfanin gona, ba kuɗin da ka sayi ƙasar ba. Wato mai fili fayau shi ya fi kowa shan wuya.

Saboda haka ka ɗauki safiyo, wato mai awon ƙasa, ya ɗauko maka lambobin wajen na taswira, ka je ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta Kano, a duba ko akwai fayil ɗin wani a kai, ka leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka ji ko hanya ta bi ta wajen a tsarinsu. In fili mai C of O ne a bincika lambar fayil ɗin, a ga sunan da ke ciki ya yi daidai da mai sayarwa, a ga ko an jinginar da shi a banki ko akwai bashin harajin ƙasa a kai, kuma ka tambaya ko an sabunta takardar don a ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta fara sabunta su. Bayan ciniki sai an nemi amincewar gwamna kafin sunan ya dawo naka a hukumance, mutane suna tsallake wannan saboda kuɗi sai 'ya'yansu su zo su sha wahala. Ka ware kuɗin lauya da safiyo daga cikin miliyan 6 ɗin tun yanzu, kar ka ɗauka duka na ciniki ne.

Kangon nan kuwa ni shi ya fi ba ni tsoro. Babban wa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa. An raba gadon? A ina, a kotu ko gaban malamai da shaidu? Akwai marayu ƙanana a ciki? Akwai mata da suke gidan aure a wani gari ba a tambaye su ba? In ba duk magada za su zauna su sa hannu ba kar ka ba da ko sisi.

Ɗan Kurna:
Barista ina girmama maganarka amma ku daina tsorata yaro da awon igiya. Unguwanni nawa ne a Kano suka tashi a haka? Talaka da miliyan 6 ina zai samu awon gwamnati a wuri mai kyau? Ni duk abin da na samu a harkar nan a awon igiya na same shi, ka saya inda gari yake tafiya ka kewaye ka jira. Ka duba hanyar Gwarzo saboda jami'a, ka duba wajen Zawaciki tunda aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a 2023, mutane suna bin inda titi da wuta da aiki suke. Kawai kar ka sayi mai lungu, ka nemi wanda mota za ta shiga har ƙofa, kuma nesa da babbar wayar wuta.

Lauyan gidan nan:
Ɗan Kurna ban ce haramun ba ne, na ce ya bincika. Ka tuna rusau ɗin watan Yunin 2023 a filin Idi da Daula Otal, waɗancan ma da takardun gwamnatin da ta gabata a hannunsu. In mai takarda ya ga haka ina ga wanda bai ma san me ke ƙarƙashin filinsa a taswira ba? Duk abin da asalinsa filin makaranta ne ko maƙabarta ko masallaci ko jikin badala, komai arha ya guje shi.

Hajiya mai atamfa:
Ɗana ni shawarata daban ce. Kar ka kwashe duka ka zuba a ƙasa. Fili ba ya ba ka kuɗin cefane, kuma ranar da buƙata ta taso, rashin lafiya ko kasuwa ta karye, ba a sayar da shi rana ɗaya, in masu saye suka gane a matse kake sai su taya shi a wulaƙance. Ka sayi ɗaya mai kyau maimakon biyu, ragowar ka zagaye shi ko da layi uku ne na bulo, ka bar wani abu a shagonka yana juyawa. Sannan ka je ka ga wajen da damina bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ba da rani ba. Ni na ga filin da yake sumul da bazara, watan Agusta sai ga shi ya zama tafki ashe tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Kuma kana leƙawa akai-akai, filin da mai shi ba ya zuwa shi ake ci wa iyaka.

Magini:
Oga maganar kango da ɗakunan ɗalibai bari in sa baki. Gini yanzu ba wasa ba ne, a farkon 2024 buhun siminti sai da ya haura dubu 10, ga rodi ga kwano ga katako ga kuɗin aiki. Daga linta zuwa a shiga gida nan kuɗin yake, rufi, filasta, wayarin, famfo, tayil, ƙofofi da tagogi, sokawe. Mutane suna ganin bango ya tashi su ɗauka an ci rabin aiki, wlh ba a ci ba. Kuma kangon da ya sha damina da yawa a buɗe sai ka kawo wanda ya sani ya duba fandishon da ingancin bulon, wani sai an rushe an sake. In ka sa miliyan 6 a kango ba ka da na ƙarasawa ka sayi abin da zai riƙa lalacewa yana jiranka ne.

Mai gidan haya a Hotoro:
Haya tana da daɗi a baki amma ka yi lissafi da biro. Ka haɗa abin da za ka karɓa a shekara, ka cire gyara da fenti da yashe masai da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa, sai ka raba da abin da ka kashe ka ga shekara nawa kuɗinka za su dawo. Ɗalibai kuma ka tuna yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas aka yi, duk mai ɗakunan ɗalibai ya ji a jikinsa. Ga matsalar ruwa, in ba rijiyar burtsatse ba za su zauna ba. Haɗin gwiwa da aboki kuwa in za ku yi a rubuta komai gaban lauya da shaidu, sunan wa ke kan takardar fili, kason kowa nawa, in ɗaya yana son fita ko ya rasu yaya za a yi. Zumunci da yawa ya mutu a kan rashin wannan rubutun.

Malam na Islamiyya:
Allah ya sa albarka a dukiyar. Tunatarwa biyu. In an ba ka shawarar cin bashi don ka ƙarasa gini ka kiyayi mai ruwa, akwai bankunan da ba sa harkar kuɗin ruwa kamar Jaiz da TAJ da Lotus, ka je ka ji sharuɗɗansu ka kai wa malami ya duba maka kafin ka sa hannu. Na biyu zakka. Filin da ka saya da niyyar sayarwa kayan kasuwanci ne. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya ajiye yana jiran farashi ya tashi, sai ranar da ya sayar zai fitar da zakkar shekara ɗaya in kuɗin sun kai nisabi, shi kuwa mai saye da sayarwa kullum duk shekara yake ƙiyasta kayansa ya fitar. Gidan haya kuma ba a kan ginin zakkar take ba, a kan kuɗin hayar ne in sun kai nisabi suka shekara. Kuma ina goyon bayan Barista a kan kangon, dukiyar maraya wuta ce, kar arha ta ja ka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya ƙara girma. Kangon na cire shi a raina, na kira wanda ya haɗa ni da su ya tabbatar min ba a raba gadon ba kuma akwai ƙananan yara biyu a ciki. Abokina zan ce masa mu dakata tukuna. Na hanyar Gwarzo zan bi maganar Hajiya in tsaya a guda ɗaya, ranar Asabar in sha Allah zan koma ni kaɗai in ga maƙwabta da mai unguwa. Dillalin ya sake kira ɗazu na ce masa sai na kawo safiyo, sai ya ce wai ba sai an kai ga haka ba tunda an san juna. Barista dan Allah safiyon zan fara ɗauka ko ma'aikatar ƙasa zan fara zuwa?

Lauyan gidan nan:
Safiyo tukuna, kuma mai rajista wanda kai ka samo ba wanda dillalin zai kawo maka ba, don da lambobin da zai ba ka za a duba maka a ofis. Kar ka ba da kafin alƙalami sai sakamako ya fito. In ya fito lafiya ka biya ta banki zuwa asusun mai filin da sunansa, a rubuta yarjejeniya da girman filin da iyakokinsa huɗu, shaidunka biyu nasa biyu, mai unguwa ya sa hannu da hatimi, a kafa bikon, wato duwatsun iyaka, a ranar kowa yana tsaye.

Tsohon dillali:
Kuma in ya ƙara ce maka ba sai an kawo safiyo ba, ka tambaye shi lambar mai filin kai tsaye ka ga yadda zai yi.